Maki Ɗaya Tak

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da a ke kira besbal, watau ƙwallon kulki. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya tare ta da kulki ya buga, sa'an nan ya sheƙa a guje ya kewaya tashoshi ya komo gida. A da a kan fara shi a watan Afrilu, a ƙare a Oktoba. Amma ga mai son wasan, shekara ba ta ƙarewa sai a Nuwamba, sa'ad da a ke shelar wanda ya ci lambar ɗan wasan da ya fi kowa daraja. Tun 1931 marubutan jaridu ne ke wannan zaɓe. Wanda ya biya kuɗinsa ya sha rana a filin wasa ba shi da bakin magana, sai dai ya sayi jarida ya ga abin da aka yanke.

Ba wanda ya san ɗacin wannan kamar mutumin Boston na zamanin Ted Williams. A 1941 Williams ya yi abin da har yanzu ba a sake yi ba a manyan rukunonin wasan guda biyu: in an auna bisa dubu, bugunsa ya ci sau 406. A ranar ƙarshe, a Filadelfiya, lissafinsa ya tsaya daidai bakin 400 in an cike, aka ba shi damar ya zauna don kada ya zubar. Ya ƙi. Ya shiga wasa biyu a yini ɗaya, ya tsaya bugu sau takwas, ya ci shida. To, da Nuwamba ta zo sai aka ba Joe DiMaggio na Yankees ta New York lambar, da maki 291, Williams 254.

Mutumin Boston ya ji zafi, amma ya haɗiye, gama DiMaggio ya jera wasa 56 a shekaran nan ba wanda ya fita bai ci bugu ba, ƙasa duka kuwa ta bi labarin kullum kamar ana jiran ganin wata. In zaki ya kā da zaki ba abin kunya ba ne.

Na 1942 shi ne ya fara ɓata masa rai. Williams ya fi kowa a abubuwa ukun da a ke auna mai bugu da su: yawan cin bugu, da fitar da ƙwallo bayan shinge, wanda ya yi sau 36, da kai 'yan'uwansa gida, sau 137. Wanda ya haɗa ukun nan a kan ce ya ci rawani uku. Duk da haka aka miƙa wa Joe Gordon lambar, shi ma na Yankees, wanda ya fitar da ƙwallo sau 18 kaɗai, ya kuma fi kowa kuskuren bugu har a kore shi. Daga nan yaƙi ya ɗauke Williams shekara uku, yana aikin jirgin sama na soja.

Sai 1947. Ya sake cin rawani uku. Marubuta 24 suka yi zaɓe, uku daga kowace ƙungiya, kowa ya jera mutum goma. Na fari maki 14, na biyu 9, haka har na goma ya sami 1. Aka tara, DiMaggio 202, Williams 201. Sa'an nan labari ya fito, wai wani marubuci bai sa sunan Williams ko'ina cikin goman nan ba. Mutumin Boston ya ɗauki alƙalami ya yi lissafin da ko yaro ya iya: da an sa shi na goma, da an yi kunnen doki, da na tara ne, da ya ci. Kai, wannan abu ya ci masa rai ainun. Da an ce masa DiMaggio ya fi, da ya yi gardama ya huce. Amma a ce wai akwai mutum goma da suka fi mai rawani uku, wannan ba ra'ayi ba ne, ƙiyayya ce.

Ƙiyayyar kuwa tana da tushe. Williams ba ya shiri da 'yan jarida, su soke shi a rubuce, shi ya rama da baki. Ko masu kallo suka yi masa tafi ba ya ɗaga musu hula. DiMaggio kuwa mutum ne mai kawaici, ba a jin bakinsa. Ashe wanda zai jira hukunci daga hannun mutane, halinsa ma yana hawa ma'auni, ko da ba a rubuta haka cikin ƙa'ida ba. Sai dai akwai abin da mutumin Boston ba ya son a tuna masa: a zaɓen nan marubuta uku ne suka bar DiMaggio waje ɗungum. Son zuciya bai zauna gefe guda ba.

Mutanen New York suna da hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Su kan ce sunan lambar bai ce wanda ya fi gwaninta ba, cewa ya yi wanda ya fi daraja, daraja kuwa ita ce a kai ƙungiya ga nasara. A shekarun nan uku Yankees ce ta zo ta ɗaya. DiMaggio kuma ya fi Williams tsaron fili nesa ba kusa ba. Mutumin Boston ya kan amsa da cewa mutum tara ke tsayawa a fili, don me za a hori ɗaya saboda raunin takwas? A 1946, da Red Sox ta zo ta ɗaya aka ba Williams lambar, ya ce to, ya gane ƙa'idar, ko da ba ta yi masa daɗi ba.

Amma 1949 ta rushe masa wannan ganewa. A shekaran nan Red Sox ta je New York tana bukatar cin wasa ɗaya cikin biyun ƙarshe, ta fāɗi duka, Yankees ta wuce. Williams kuma rawani na uku ya kuɓuce masa da ƙyar, George Kell na Detroit ya sha gabansa da abin da bai kai ɗaya cikin dubu ba. Ƙungiya ba ta ci ba, rawani bai cika ba, Nuwamba ta zo marubutan suka ba shi lambar.