Daren da Kwamfutoci Suka Kasa Gane Suna

A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, hankalin iyaye ya tashi a unguwarmu. Yawancin yaranmu ba su taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta ba. Lokacin ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata sakandare. Shugabar makarantar ta kira ni ta ce, "Malam, ka san dabarar da za ka yi yaran nan su saba kafin ranar."

Kuɗin intanet ba mu da shi. Sai na ɗauki wata tsohuwar kwamfuta na sa mata XAMPP, ta zama sabar. Na gina shafuka uku a kan Apache, manhajar sabar da ke cikin XAMPP, kowane da reshen sunansa: laburare.makaranta.lan, gwaji.makaranta.lan da sakamako.makaranta.lan. A gabana duk suna buɗewa tas, har na aika wa ɗalibai su zo da sassafe.

Bayan magariba na je layin baya, na zauna a kujerar ɗalibi, na rubuta sunan shafin gwaji. Burauza ta ce ba ta san shi ba. Na koma kwamfuta ta gaba, haka. Gabana ya faɗi. Hunturu ne, ƙura ta lulluɓe madannai, leɓɓana sun tsattsage, amma zufa nake yi. Na rubuta lambar sabar tsurarta, 192.168.1.10, shiru, sai da na buɗe ƙofa ta 80 a katangar tsaron Windows. Shafi ya fito, amma na laburare. Duk yadda na juya, laburare. A waje janareta na ta ruri. Maigadi ya leƙo ya ce, "Malam, man fa ya yi ƙasa." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri kaɗan." Ba man nake ji ba. Fuskokin yaran nake hangowa, wasu za su tako da ƙafa daga nesa cikin sanyi.

A lokacin na ɗauka suna a jikin sabar yake zaune, duk wanda ke kan waya ɗaya da ita zai gan shi. Wani abokin karatuna ne ya warware mini a waya. Ya ce, "Mutumina, sunayen nan a ina ka rubuta su?" Na ce a fayil ɗin hosts. "Na wace kwamfuta?" Na yi tsit. Ashe kwamfutata kaɗai ta san su, kuma lambar da na jingina su da ita, 127.0.0.1, kowace kwamfuta kanta take nufi da ita. Sauran kuwa rauta, na'urar da ta haɗa kwamfutocin, suke tambaya, ita kuma ba ta taɓa jin sunayen ba. Batun laburare ma ya fito fili. Sabar kamar gidan haya ce mai ƙofa ɗaya: lamba ta kawo ka ƙofar gida, amma sai ka faɗi wanda kake sallama da shi. In burauza ba ta ambaci sunan da Apache ya sani ba, na farko a jeri yake turo mata.

Daren nan na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. In buɗe Notepad da izinin mai gudanarwa, in nemo hosts, in rubuta lamba da suna layi uku, in adana, in matsa gaba. Baba maigadi ya ƙi tafiya. Ya tsaya yana haska mini madannai da tocila, duk wadda ta buɗe ya ce, "Madalla."

Da safe wata yarinya ta rubuta sunan da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, tana cije leɓe. Tambaya ta farko ta bayyana. Ta waigo ta ce, "Malam, shi ke nan na shiga?" Har yau in na tuna muryarta sai ƙirjina ya yi nauyi.

Maganin bai daɗe ba. Wata rana aka ɗauke wuta, da ta dawo rauta ta ba sabar wata lambar daban, duk abin da na rubuta ya tashi a banza. Sai na kafe mata lamba ɗaya, na sa dnsmasq, manhajar da ke amsa tambayar suna, a wata kwamfuta mai Linux, na umarci rauta ta riƙa tura kowa can neman suna. Layi ɗaya ya ɗauke dukkan rassan, har wayoyin malamai suka samu shiga. Daga baya na karanta cewa masu ARPANET, mafarin intanet, su ma da fayil guda na sunaye suka fara, ana kwafarsa daga cibiyar SRI, har nauyin ya fi ƙarfinsu, Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983. Na ji sanyi a raina, ashe hanyar da manya suka bi ce na bi a dare ɗaya.

Shi ya sa duk matashin da ya zo koyon aikin nan wurina, in ya ce mini ya gama, sai in ce ya tashi daga kujerarsa ya je ya gwada a kwamfutar da ta fi nisa da shi. Domin wanda ke zaune can aka yi aikin.