Ƙarar tik-tik a inji: a saurara kafin a kwance

1/ Ba kowace ƙarar tik-tik ce ke nufin inji ya tashi daga aiki ba. Wata gyaranta bai kai kuɗin man yini ɗaya ba, wata kuma in aka yi mata sakaci sai an sayi wani inji. Bari in ba ku yadda aka rarrabe mana su. Zare 🧵

2/ Yayana na da Golf 3, yana lodin Sakkwato zuwa Illela. Da motar nan ake cefane a gidanmu nan Unguwar Rogo, da ita ake biya mini rajista a Ɗanfodiyo. In ta kwana biyu a gareji, har tukunya sai ta shaida.

3/ Da sanyin bana ta fara. In ya tada ta da asuba sai tik-tik-tik. Bakaniken farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce metal ne, a sauke inji. Kuɗin da ya yanka sun haura rajistata. Yaya bai ce uffan ba, amma ranar bai ci tuwon dare ba.

4/ Washegari muka je wurin wani dattijon bakanike, abokin mahaifinmu. Bai taɓa sifana ba, tambaya ya fara: "Yaushe taka yi? Da sanyi ko in ta yi zahi? In ka taka totur tana bi nai?" Yaya ya ce: "Baba, da sanyi ne. Bayan minti goma sai ta ɓace."

5/ Ya ce mu bar ta ta kwana, don sai inji ya huce zai faɗi gaskiya. Da safe ya fara zaro gejin bakin mai. Dalili: tafet ɗin Golf 3 da matsin bakin mai suke aiki. In mai ya yi ƙasa, ko ya yi datti, ko jabu ne, sai su riƙa ƙwanƙwasa daga saman inji. Namu yana cike, bai kuma tsufa ba.

6/ Sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin inji, ƙotar a kunnensa. Sama, ƙasa, gefe. Ya miƙo mini: "Ɗan boko, taho ka ji." Wallahi kamar abin da likita ke sa wa a ƙirji. In za ku gwada, ku tattare riga, fanbel ba ya da ɗan'uwa.

7/ Nan karatu ya ɗan yi mini rana. Sandar da ke buɗe bawul tana juyi ɗaya ne in karanshaf ya yi biyu. In inji na silo a juyi 800 a minti, bawul ɗaya zai buga sau 400, kusan 7 a daƙiƙa. Ƙararmu siririya ce, a wannan saurin take tafiya.

8/ Metal fa? Baba ya ce: "Metal ba shi waƙa, bugu shika yi." Ƙararsa mai nauyi ce, daga ƙasa, tana ƙaruwa in mai ya yi zafi ko mota ta ɗauki kaya. Ya cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Da metal ne, bugun zai ragu a silindar da ke da ciwon. Babu inda ya ragu.

9/ Da ya haska tocila inda bututun salansa ke manne da kan inji, sai ga baƙin hayaƙi ya yi zane. Kusa ɗaya ta karye, gaskit ya ƙone. Hayaƙi ne ke tsartuwa ta kafar duk lokacin da silindar ta fitar da shi. In ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, sai kafar ta toshe, ƙara ta ɓace.

10/ Aka haƙo karyayyar kusar, aka sa sabon gaskit. Kafin la'asar an gama. Inji bai bar mazauninsa ba.

11/ Kafin ka yarda a kwance maka inji, ka nemi amsar huɗun nan:
• Bakin mai ya kai, kuma mai kyau ne?
• Da sanyi take yi ko da zafi?
• Daga sama take ko daga ƙasa?
• Siririya ce ko mai nauyi?
A duba fulogi ma, wanda ya saki yana irin wannan ƙara.

12/ Amma fa a kula. In ƙara ta zo tare da jar wutar bakin mai, babu sauran bincike a kan titi: faka, kashe inji. Musamman a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, mai na tsinkewa, 'yan mintuna sun isa inji ya buga. Ku tura wa duk wanda mota ce abincinsa.