Usur ɗaya, kaki iri-iri

Wanda ya yi firamare a Sabon Birni ko Isa bayan an buɗe karatun kyauta a 1976 zai tuna ƙyallen wuya. Ɗan ƙyalle ne mai kusurwa uku, a naɗe shi a zura cikin zobe, amma yaron da ya ɗaura shi ji yake kamar rawanin sarauta aka naɗa masa. 'Yan sikawut ke nan. Ni ma na ɗaura, da wandon aro, bayan na sha faɗa a gida. Mahaifina bai ga alheri ba a cikin duk wata ƙungiya da za ta bar gwiwar ɗan Musulmi a waje.

Abin daga Ingila ya taso. Wani hafsan soja, Baden-Powell, ya kwashi yara 20 zuwa tsibirin Brownsea a 1907, kuma a 1915 ƙungiyar ta iso Nijeriya. Mu dai abin da ya dame mu shi ne fareti da usur. Malaminmu ya koya mana ɗaure karaya da tsayar da jini, da ƙulli iri-iri. Na ƙullin yakan ba mu dariya a ɓoye. Ɗan Bagobiri da ya tashi yana yi wa jaki dabaibayi a bakin gulbi, shi za a koya wa igiya daga littafi? Haka nan aikin taimako ba baƙo ba ne a wurinmu, don Sarkin Samari ya daɗe yana kiran gayya tun kafin a kafa allo a aji. A tsallaken iyaka, wajen Tsibiri da Maraɗi, wannan tsohon tsarin ne Seyni Kunce ya farfaɗo da sunan Samariya bayan ya karɓi mulkin Nijar a 1974.

Sai ga 'yan agaji. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962 zamanin Sardauna tana da nata, Fityanul Islam da ta tashi a Kano a 1963 tana da nata, Izala da aka kafa a Jos a 1978 ita ma ta fito da nata. Duk wanda ya yi sikawut, da ya gan su ya gane ɗan'uwa: kaki, usur, sara wa na gaba, muƙamai, taimakon farko. Amma wandonsu dogo ne, kuma a ƙofar masallaci suke tsayawa. Mahaifin nan nawa da ya hana ni kuɗin gajeren wando, da kansa ya je kasuwa ya yanko wa ƙanena yadin agaji.

Ban ga laifinsa ba. Aikin ɗan agaji a idon jama'a yake. Shi ke gyara sahu a filin idi, shi ke tare cunkoso ranar wa'azi ko maulidi, shi ke ɗaukar jakar tsohuwa a sansanin alhazai, shi ke kai wanda ya faɗi asibiti. Sikawut kuwa da makaranta yake ƙarewa, ranar da ka karɓi takardar gama aji shida ka ajiye ƙyalle. Agaji ana yinsa har furfura. Da malaman da suka iya suka yi ritaya, sai ya zama ba a ganin 'yan sikawut sai ranar 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, in an tuna da su.

A wasu ƙasashen zama aka yi aka haɗe. A Holan ƙungiyoyin sikawut huɗu, na Katolika da na kowa da kowa, sun koma ɗaya a 1973. A Ayilan, ta Katolika da aka kafa a 1927 da wadda ba ta ware ɗariƙa ba sun dunƙule a 2004. Mu namu ya bi wata hanya. Ba a taɓa sa hannu a takarda ba, agaji ya ɗauki kayan sikawut ya ci gaba, kuma duk lokacin da manya suka saɓa, samari su raba layi. Da Izala ta dare gida biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da na Kaduna, agajinta ma darewa ya yi. An yi sulhu a 2011, bai daɗe ba.

Abin da nake kewa shi ne layin nan namu na bayan aji. Ɗan mai ƙabalu da ɗan mai sadalu kafaɗa da kafaɗa, ga yaron wani ma'aikacin kwastan Kirista daga kudu, shi ne ma mai kaɗa mana ganga. Babu wanda ya tambayi inda uban wani yake sallah. Kwanan daji kuma, wanda shi ne zumar abin, yau babu uban da zai yarda a kai ɗansa tsakanin Isa da Sabon Birni, kowa ya san dalili.

Wata Babbar Sallah a Isa na hangi kwamandan agaji, gemu ya yi fari, yana ɗaure igiyar da ta raba hanyar mata da ta maza. Ƙullin na fara ganewa kafin fuskar. Layinmu ɗaya a firamare.

Na ce, "Kwamanda, wannan ƙullin ai ba na dabaibayi ba ne."

Ya dube ni, ya kwashe da dariya. "Na Malam ne, Allah ya jiƙansa. Matsa gaba, Alhaji, ka tare mini hanya."