Tsohuwar zuma da ɗacinta: finafinan yaƙi na sojojin Kanada da Amurka

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ina cikin waɗanda suka yarda da wannan magana game da finafinan da Amurkawa suka shirya a kan Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1945 da ƙarshen shekarun 1960. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibaina ɗaya daga cikinsu, sukan fara da gunaguni: hoto baƙi da fari, tafiya a hankali, jini kaɗan. Bayan rabin sa'a sai aji ya yi tsit. Dalili kuwa shi ne waɗannan finafinai suna da haƙuri. Sukan bar mai kallo ya zauna da soja, ya san tsoronsa da yunwarsa da wasiƙar da ke aljihunsa, kafin a harba harsashi na farko. Saboda haka in ya faɗi, mutum ne ya faɗi.

A ganina fim ɗin da ya fi nuna wannan gwaninta shi ne The Longest Day na 1962, wanda muka sani da sunansa na Faransanci, Le Jour le plus long. Darryl Zanuck ya gina shi a kan littafin Cornelius Ryan, game da saukar sojojin ƙawance a Normandi ranar 6 ga Yuni 1944. Ni da nake malamin harsuna biyu, abin da ya fi burge ni shi ne a fim ɗin na asali Bajamushe da Jamusanci yake magana, Bafaranshe da Faransanci. Abokin gaba ma an bar masa harshensa, wato an bar masa mutuncinsa. Kwafin da aka juye muryoyinsa duka zuwa Faransanci ya rasa wannan arziki.

To amma zumar tana da ɗaci. A wannan rana sojojin Kanada wajen 14,000 suka sauka a Normandi, kuma ɗaya daga cikin bakunan teku biyar da aka kai wa hari, wanda ake kira Juno, nasu ne. A fim mai tsawon kusan sa'a uku, da ƙyar mai kallo zai san sun halarta. Haka kuma harin Diyef na 19 ga Agusta 1942, inda ƴan Kanada fiye da 900 suka mutu a yini ɗaya, bai samu babban fim daga Holiwud ba. Maroƙi yakan wasa wanda ya ɗinka masa riga, kuma a nan Amurka ce ta yi ɗinkin.

Inda aka ba ƴan Kanada wuri sosai shi ne The Devil's Brigade na 1968, wanda Andrew McLaglen ya shirya, William Holden da Cliff Robertson suka fito a ciki. Labarin na gaskiya ne: a 1942 aka kafa runduna ta musamman a jihar Montana, wadda ta haɗa sojojin ƙasashen biyu, kuma a farkon Disamba 1943 suka hau dutsen La Difensa na Italiya cikin dare, da igiyoyi, suka kori Jamusawa daga kansa. Fim ɗin yana da daɗin kallo. Shigowar ƴan Kanada sansani, sahu bisa sahu, ana busa musu algaitar Sukotlan, ba ta fita daga zuciya. Sai dai don a samu abin dariya da dambe, an mai da Amurkawan ƴan tasha da aka kwaso daga gidajen kaso, alhali an nemi ƴan sa-kai ne daga cikin masaran itace da mafarauta da mutanen daji. Ƴan Kanada kuma an mai da su madubin ladabi, wanda jarumin Amurka zai duba ya gyara kansa.

Wannan runduna ce ta kama tsibiran Iyer a Agusta 1944, a farkon saukar Furobans, inda dubban sojojin Afirka suka sauka ƙarƙashin tutar Faransa. In har ƙasa mai arziki irin Kanada ta zama ƴar rakiya a labarin yaƙin da ta zubar wa jini, ba abin mamaki ba ne da kakanninmu suka jira Camp de Thiaroye na Sembène Ousmane a 1988, da Indigènes na Rachid Bouchareb a 2006.

Shawarata ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu ita ce kada mu yar da waɗannan finafinai, kada kuma mu miƙa su ga yara ba tare da bayani ba. A nuna su, a yaba aikin da ke ciki, sannan a ɗauko taswira da littafin tarihi a tambayi ɗalibai: wa aka nuna, wa aka bari a bayan labule, wa ya biya kuɗin aikin? Ɗalibin da ya iya yi wa fim waɗannan tambayoyi zai iya yi wa jarida da rediyo da wayar da ke hannunsa.