Ƙarfe a Kan Ƙirji: Abin da Na Gani a Porte de la Chapelle

Unguwar Porte de la Chapelle tana can ƙurewar arewacin birnin Faris, dab da babbar hanyar da ta yi wa birnin zobe. Ba nan ake kai baƙo yawon buɗe ido ba. Gadojin sama ne, da shagunan Larabawa da na 'yan Afirka ta Yamma, da baƙin haure masu jiran takarda. A nan aka gina sabon zauren wasanni mai cin mutum kusan 8,000, aka buɗe shi a watan Fabrairun 2024, kuma a cikinsa aka yi gasar ɗaga ƙarfe ta wasannin nakasassu na duniya, wato Paralympics, daga 4 zuwa 8 ga Satumba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 12 yana sauke mutum 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar shiga.

Wasan abu ɗaya ne tak. A gasar masu lafiyar ƙafa iri uku ake yi: a tsugune, a kwance, da cirowa daga ƙasa. Nan kuwa na kwancen kaɗai ne. Mutum ya yi rigingine a kan benci, ya sauko da sandar ƙarfe kan ƙirjinsa, ya mayar da ita sama. Sau uku ake ba kowa dama, kuma mafi nauyin da alƙalai suka amince da shi shi ne rabonsa. Maza aji goma, mata aji goma, gwargwadon nauyin jiki. Sandar kanta kilo 20 ce, faya-fayan kuma da launi ake gane su: ja 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. Kafin rana ta yi nisa 'yan kallo sun iya lissafi daga nesa, ba sai sun dubi allo ba.

Bencin ya fi wanda muka sani tsawo, ya haura mita biyu, domin ƙafafu ma a kansa suke miƙe, galibi a ɗaure da bel. Ɗaurin nan ne ya mayar da wasan makaranta ga duk mai son gyara ɗagawarsa. Mai ƙafa yana dafa ƙasa da dugadugai, ya turo ƙarfi ta cinya da kwankwaso, da turin nan yake rufe kurakuransa masu yawa. Wanda aka ɗaure wa ƙafa ba shi da maɓoya. In riƙonsa ya karkace za a gani, in kafaɗarsa ta zame za a gani.

Daga kiran suna, minti biyu ake ba ɗan wasa ya fara. Mafi yawan lokacin nan a gyara kwanciya yake tafiya. Za a turo keke har gindin benci, mutum ya tsallaka da ƙarfin hannu, mai horarwa ya ja bel ya matse. Sai ya kama sandar, ya ɗaga gangar jikinsa da ita, ya haɗe allunan kafaɗarsa biyu ta baya, ya danna su ƙasa wajen ƙugu, sannan ya kwanta a kansu. Nan take ƙirji ya turo sama, ɗan sarari ya buɗe tsakanin gadon baya da benci. Wasu sai sun murza bayansu sau biyu sau uku kafin su gamsu. Daga nan a bi yatsu ɗaya bayan ɗaya ana jera su a kan sanda, babban yatsa ya zagayo ya kulle, ƙarfen ya zauna a gindin tafi, daidai kan ƙashin hannu, don kada wuyan hannu ya lanƙwashe baya. Doka ba ta yarda tazarar da ke tsakanin manuniyar dama da ta hagu ta wuce santimita 81 ba.

Ranar Juma'a, 6 ga wata, aka kira Onyinyechi Mark ta Najeriya a ajin mata masu kilo 61. Aka ciro mata sandar daga maratayi, ta riƙe ta a miƙe, ta cika ƙirji da iska ta rufe baki. Babban alƙali da ke zaune ta wajen kanta ya sauke hannu. Ƙarfen ya taho a hankali, gwiwoyin hannunta ba su buɗe sun yi daidai da kafaɗa ba, ba su kuma manne da haƙarƙari ba, suna tsaka-tsaki. Ya taɓa ƙasan ƙirji ya tsaya cak. Sannan ya tashi, yana ɗan karkatowa ta wajen fuska, hannu biyu suka miƙe tare. Ta ci zinare, ta kuma kafa sabon tarihin duniya da kilo 150. Buhun siminti uku ke nan, a hannun yarinyar da nauyinta bai wuce buhu ɗaya da 'yan kai ba. A wannan rana ne kuma Bonnie Bunyau Gustin na Malesiya, ɗan ajin kilo 72, ya ɗaga 232, fiye da ninki uku na jikinsa.

Tsayawar nan a kan ƙirji ita ce gasar. Alƙalai uku ne, kowa da fitila fara ko ja, kuma sai biyu sun ba da fara ɗagawa take karɓuwa. Na ga ƙarti sun kai ƙarfe sama lafiya lau, 'yan ƙasarsu sun miƙe da tuta, sai ga ja ta haska. Laifin me? Sandar ba ta tsaya ba, ko ta nutse cikin ƙirji ta dawo da tsalle, ko hannu ɗaya ya riga ɗaya isa. Faransawan da ke bayana, waɗanda da alama ranar suka fara kallon wasan, sai su hau ihun rashin yarda. Ni dai ina bayan alƙalan.

Kusa da ni akwai wani ɗan Damagaram da ya daɗe a Faransa, yana koyar da motsa jiki a wata unguwar bayan gari. Jin ina magana a waya ya juyo muka gaisa, daga nan ya zame mini tafinta. Shi ya ce in daina kallon faya-fayan, in riƙa kallon kafaɗa. A wurinsa ƙirji da tsokar bayan dantse da gaban kafaɗa su ne masu turi, amma baya ne ke riƙe da su. Da zarar allon kafaɗa ya saki, kan kafaɗar ya zamo gaba, nauyin ya koma kan gaɓa, kuma ciwon da samari ke kuka da shi daga nan yake farawa.

Na ba shi labarin wuraren ɗaga ƙarfe na unguwanninmu, inda ake cika gwangwanin fenti da kankare a soka bututun ruwa a tsakiya. Ƙarfi kam akwai shi, ba a magana. Sai dai yaro zai sako ƙarfen ya bugi ƙashin ƙirji ya yi sama, ɗuwawu ya bar benci, ƙafafu suna harbin iska, abokinsa na tsaye a kansa ya janye rabin nauyin yana cewa ko taɓawa bai yi ba. Wasu ma ba sa zagayo da babban yatsa, wai hakan ya fi burgewa, alhali sandar tana iya sulluɓewa ta sauka a wuya.

Ya yi dariya ya ce, “Malam, a nan ma haka suke, kayan ne kawai suka fi tsada.”

Maganinsa ba mai daɗin ji ba ne ga saurayi. A rage nauyi, a rage shi sosai, har mutum ya iya ajiye sandar a ƙirji ya ƙirga ɗaya, biyu, jikinsa a ɗaure, sannan ya tura. A yi uku zuwa biyar a jere, a huta 'yan mintuna, a sake. Sau biyu ko uku a mako ya isa, domin tsoka a lokacin barci da cin abinci take ginuwa. Duk yawan turin da aka yi, a yi jawowa kwatankwacinsa, ko da lilo ne a jikin ƙarfe ana jan jiki sama, don baya ya yi kauri. Wanda sandar ke maƙale masa dab da ƙarshe, ya matso da hannuwansa kusa da juna a wasu ranakun, bayan dantse ya ƙarfafa. Ƙari kuwa kilo ɗaya ko biyu ne, ba faifai guda ba. A gasar ma da kilo ɗaya ake raba zinare da azurfa, kamar yadda ya faru da Esther Nworgu ta Najeriya a ranar farko, ta ɗaga 118, Cui Zhe ta Sin ta ɗaga 119. Kuma ba a kwanciya ƙarƙashin ƙarfe mai nauyi babu mai tsaro. Zakarun duniyar nan, kowannensu sai da mutane suka tsaya masa dama da hagu da hannuwa a buɗe.

Wani abu ya tsaya mini a rai ina zaune. Da yawa daga gwanayen wasan nan cutar shan inna ce ta taɓa su suna yara, kamar Lucy Ejike da ta ciyo wa Najeriya zinare a 2004 da 2008 da 2016. Babu inda cutar ta yi ɓarna a ƙasar kamar Arewa, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020. Duk wanda ya ga guragunmu suna tuƙa keke da hannu a titin Kano, ko suna buga ƙwallo a kan katako mai taya, ya san irin dantsen da Allah ya ba su. Benci da sanda da mai koyarwa ne babu a kusa.

Ranar Lahadi, ta ƙarshe, Folashade Oluwafemiayo ta hau a ajin mata mafi nauyi, na sama da kilo 86. Ba baƙuwa ba ce, ta ci azurfa a Landan a 2012, ta ci zinare a Tokyo. Ta ɗaga 167, sabon tarihin duniya, 'yan Najeriyar da ke zauren suka cika shi da sowa. Da azurfar Bose Omolayo, lambobi huɗu ke nan daga kan benci, cikin bakwai da ƙasar ta samu a gasar gaba ɗaya. Wata guda kafin nan, tawagar Olamfik ta Najeriya ta bar wannan birnin hannu rabbana.

Manyan maza aka rufe da su. Ahmad Aminzadeh na Iran ya ci zinare da kilo 263. Tarihin ajin yana hannun ɗan ƙasarsu, marigayi Siamand Rahman, wanda ya ɗaga 310 a Rio a 2016, ya rasu a 2020 yana da shekara 31. Har aka tashi babu wanda ya nemi a ɗora masa nauyin da ya yi kusa da wannan.