Wata biyu a Kwari, na zama baƙo a soshiyal midiya

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Masu tambaya ina na shige: SIWES ce ta ɗauke ni. Wata shida zan yi, yanzu na cinye biyu. Abin dariyar kuma, aikin da aka ba ni shi ne kula da soshiyal midiya. Ni ɗin da kuka daina gani a nan.

2/ Wajen wani dillalin atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, ba zan kama suna ba. Ranar farko Alhaji ya miƙo min wayar shago ya ce, "Ɗan jami'a, ku ne yaran zamani, ga ta nan." Bayanin aikin ke nan gaba ɗaya.

3/ Ni a X na tashi, tun ana ce masa Twitter. Da gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ina cikin waɗanda suka koyi VPN a dare ɗaya. Na san wa ke faɗa da wa, na san habaici ko ba a ambaci suna ba.

4/ To wayar shago ko X babu a cikinta. WhatsApp ne, sai TikTok, sai wani shafin Facebook da kowa ya manta kalmar sirrinsa. Lambobi kuwa ga yadda aka adana su: "Hajiya Maraɗi leshi", "mai shago Damagaram", "direban Garwa". Kasuwar ta tsallake iyaka, kuma duk a cikin wayar nan take.

5/ Abu na farko da ya ɗaure min kai: ba a rubutu. Saƙon murya ake yi. Hajiya za ta turo na minti uku. Sallama, ya gida, ya kasuwa, ya zafi, a gaida Alhaji. Sai can ƙarshe, kamar ba komai ba, ta faɗi turmi nawa take so da kalar da ba ta so.

6/ Amsar ma da murya ake mayarwa, da gaisuwa cikakkiya. In ka rubuta "akwai, farashi kaza" kawai, ka yi rashin kunya. Wata ta taɓa kiran Alhaji ta ce wane ne sabon yaron nan da ba ya magana? Matar da za ta tura kuɗi masu nauyi wata ƙasa tana so ta ji muryar wanda za ta kama in kaya bai iso ba. Ni a ganina tana da gaskiya.

7/ Malamina a wannan fanni yaron shago ne da na girma da shekara huɗu. Sakandare ya gama ya shigo kasuwa. Shi ya nuna min ba a ɗaukar hoton atamfa a ƙarƙashin fitila, sai a bakin ƙofa da hasken rana, don kada kala ta yi ƙarya. Shadda kuma bidiyo ake mata, ana murza ta da hannu a ga ƙyalli, a ji ƙararta.

8/ Ya san sitatus awa 24 yake yi, don haka bayan Asuba ake ɗora sabon kaya, a sake bayan Isha'i lokacin da mata suka zauna da waya. Yana duba waɗanda suka kalla, ya ce, "Yaya, wannan kwana uku tana leƙowa ba ta yi magana ba, kuɗi take haɗawa." Kuma wallahi sai ta dawo ta saya.

9/ Ga lissafin naira da sefa. Ga alat na bogi: ko an turo maka hoton rasit, kaya ba ya fita sai kuɗi sun bayyana a asusu. In an kai buhu tasha, a ɗauki hotonsa da sunan mai shi a jiki, a tura tare da lambar direba. Duk wannan soshiyal midiya ce a wajen Alhaji. A logbuk kuwa har yau ina neman Turancin da zan rubuta shi.

10/ Wannan ɓangaren da sauƙi, ana koya. Wanda ya fi damuna ɗayan ne. Daga takwas na safe zuwa Magariba wayar shago ce a hannuna, tawa tana aljihu. In na koma gida idona ba ya son ganin allo. Ga data ta yi tsada tun ƙarin kashi 50 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025.

11/ Sai in leƙo nan in tarar rigima ta tashi, ta yi zafi, an sasanta, har an fara wata. A guruf ɗin ajinmu a jefo wata kalma kowa ya fashe da dariya, ni ina kallo kamar kakan wani. Shekarata 22 fa.

12/ Da iyakarsa ke nan, da ban rubuta komai ba. Makon jiya mahaifin abokina ya rasu, Allah Ya jiƙansa. A nan aka sanar, a nan aka faɗi lokacin jana'iza. Mutumin da na sha cin tuwo a gidansa. Sai bayan sadakar uku na gani.

13/ Babu wanda ya kira ni, kuma ba don mugunta ba. Kowa ya ɗauka na gani, tunda da can ni nake fara ganin komai in sanar da wasu. Da na je gaisuwa abokina bai ce komai ba, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Na zaci ka yi tafiya." Ina Kano. Keke-napep ɗaya ne tsakaninmu.

14/ Saura wata huɗu. Don Allah, in rasuwa ce, ko haihuwa, ko an kwantar da wani a asibiti, ku kira ni. Lambata ba ta canja ba. In ban ɗauka ba ku bar saƙon murya, yanzu na iya saurare har ƙarshe.