Kaya mai kyau ba ya sayar da kansa

1/ Jama'a, akwai maganar da nake yawan ji a bakin 'yan kasuwarmu, wai "kaya mai kyau shi ke sayar da kansa." Ni kam ban yarda ba. Zaren zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

2/ Ku leƙa kicin ɗinku. Duk dunƙulen miya sunansa magi, ko wane kamfani ya yi shi. Garin sabulun wanki omo ne. Man goge baki makilin. Taliyar yara indomi. Alhali Maggi, Omo, Macleans da Indomie sunaye ne da kamfanoni suka raɗa wa kayansu. Talla ne ya zaunar da su a bakinmu.

3/ Kuma har gobe irin waɗannan kamfanoni suna biyan kuɗin talla a rediyo da talabijin, duk da kowa ya san su. To kai mai shago ɗaya a Kantin Kwari, cikin dubban shaguna masu atamfa irin taka, me ya sa kake ganin ka fi ƙarfin talla?

4/ Kar wani ya ce abin Turawa ne. Dillaliya da ke shiga gida-gida da ƙullin zannuwa a ka, me take yi? Mai turare da ke shafa maka a bayan hannu fa? Mai tsire ma ya san abin da yake yi da yake kafa tukubarsa a bakin titi da yamma. Ƙamshin ne ɗan aikensa.

5/ Hatta ɗanɗano da gyara talla ne. Mai gyaɗa ta ce "ɗanɗana ka ji" don ka saya yau, ta ƙara maka gyara don ka dawo gobe. Iyayenmu sun daɗe da gane wannan lissafi.

6/ Yayata tana dambun nama, kuma wallahi ta iya. Amma ta daɗe ba mai saye sai 'yan layinsu. In na ce ta riƙa sawa a WhatsApp sai ta ce kunya take ji, kar a ce ta matsu. Haba Yaya, nake ce mata, neman halal ne fa.

7/ Da ta amince, abu huɗu kawai muka gyara. Hoto a hasken rana, na ainihin dambun da ke cikin roba. Farashi a rubuce. Unguwar da take. Sai yadda kaya zai isa: ɗan sahu a cikin gari, tasha ga na nesa. Shi ke nan.

8/ Maganar farashin nan a kula da ita. Masu rubuta "a biyo ni ta ciki a ji kuɗin", ciniki kuke kora. Mutum yana tsoron ya tambaya ya ji ya fi ƙarfinsa, ya ji kunya. Sai ya wuce wurin wanda ya rubuta nasa a fili.

9/ Yanzu masu tafiya Umra da ɗalibai masu komawa makaranta su ke riƙe da kasuwarta. Abin da ya fi min daɗi, 'yarta ba ta taɓa ɗaukar tire ba. A da, mace mai sana'a a cikin gida sai ta ɗora wa yarinya talla. Yau waya ke yawon, yarinya tana aji.

10/ Sai dai fa talla alkawari ne. Duk abin da ka faɗa a kan kayanka ya zama bashi a wuyanka. Ki ɗauko hoton leshi a shafin wata, ki aika wa amarya wani abu daban, kin ci kuɗin yau, amma duk dangin ango sai sun ji sunanki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

11/ Haka masu yawo da lasifika a mota, kwalba ɗaya wai tana maganin basir, shawara, ciwon suga da hawan jini. Dokar Najeriya ta ce sai NAFDAC ta amince kafin a tallata magani. Akwai kuma ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, mai sa ido kan tallace-tallace.

12/ Amma tun kafin hukuma, addini ya hana algus da rantsuwar ƙarya a ciniki. Wanda ka cuta kuma ba zai yi shiru ba. Shi ma talla zai yi maka, kyauta, irin wanda ba ka so.

13/ Shawarata: ka sa kuɗin talla cikin lissafi kamar hayar shago da kuɗin mota. Ka kai shi inda masu sayenka suke. Mai takin zamani, manomi yana jikin rediyo. Mai kayan lefe, amare suna Instagram da TikTok.

14/ Kuma duk sabon mai saye ka tambaye shi, "A ina ka ji labarina?" Ka riƙa rubutawa. Cikin wata biyu za ka gane wane tallan ke kawo ciniki, wane ke cin kuɗinka a banza.

15/ Masu sana'a, ku ajiye hoton kayanku a ƙasa, da farashi da garin da kuke. Zan yaɗa iya iyawata. Allah Ya kawo kasuwa mai albarka.